Haddis ba ya mantuwa da wuri, ga dalili

Yawancin mutane in an ce haddis, wato ma'ajiyar bayanan da ke cikin kwamfuta, abin da ke zuwa musu a rai wani ƙaton memori ne irin na waya, ka zuba abu ya zauna ka goge ya tafi shikenan. To wallahi ba haka abin yake ba. Haddis inji ne, inji na gaske mai moto da faifai da ke juyawa da wani hannu da ke kai-komo a kansa, in ka kara kunnenka jikin tsohuwar laftof tana aiki za ka ji wani ɗan huci da ƙas-ƙas can ƙasa-ƙasa, wannan ƙarar hannun ce yana neman inda fayil ɗinka yake. Kuma duk wata rigima da ake yi da shi, da ɓatan hotunan biki da dawo da abin da aka goge da tonon asirin da ake samu in an sayar da kwamfuta, daga yadda yake rubutu da karatu ta samo asali.

In aka buɗe shi (kar ka buɗe naka dan Allah, zan zo kan dalili) za ka ga faifai ɗaya ko biyu ko sama da haka an jera su kan sanda ɗaya, suna sheƙi kamar madubi. Na laftof mai inci 2.5 galibi gilashi ne, na babbar kwamfuta mai inci 3.5 kuma yawanci alminiyam. Shi gilashin ko alminiyam ɗin ba shi ke riƙe bayanai ba, ɗaukar kaya kawai yake, abin da ke riƙe bayanan wani shafe ne siriri da aka yi masa a fuska, haɗin ƙarfen kobalt ne mai karɓar maganaɗisu, kaurinsa 'yan nanomita kaɗan, nanomita kuwa mita ɗaya ce aka raba gida biliyan. A saman shafen akwai wani na kabon da ɗan maiƙo don kariya. Moto yana juya faifan sau 5400 a minti ɗaya a yawancin laftof, sau 7200 a na tebur, wato kenan zagaye 120 a sakan guda, na manyan sabobi (saba ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da ake yi a da har 15,000 suna kaiwa.

Rubutun kuma ga yadda yake. A ƙarshen hannun nan akwai wani ɗan mitsitsin kai, da kyar ido ke ganinsa, a jikinsa akwai maganaɗisun lantarki. In wuta ta bi ta cikinsa ta wannan ɓarin sai ya juyar da fuskar maganaɗisun ɗan gurbin da ke wucewa a ƙarƙashinsa sama, in aka juya wutar sai ya juyar da ita ƙasa, haka yake yi yana canzawa sau miliyoyi a sakan faifan na gudu a ƙasansa. Shi kuma wannan shafen in an juyar da shi to ya juyu kenan, ba ya buƙatar wuta don ya zauna a haka, shi ya sa ko nepa ta ɗauke wuta wata guda abin da ka ajiye yana nan, saɓanin RAM, memorin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, da wuta na ɗaukewa komai ya watse.

Da yake kwamfuta da jerin 0 da 1 take ajiye komai, za ka ji ana cewa sama shi ne 1 ƙasa shi ne 0, to a sauƙaƙe ne kawai ake faɗin haka. Abin da injin ya fi iya ganewa shi ne wurin da fuskar ta canza, daga sama zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa sama. To a ce ka ajiye fayil mai sifili dubu a jere, babu canji ko ɗaya, ya za a yi ya san dubu ne ba 999 ba tunda faifan gudu kawai yake? Saboda haka kafin a rubuta bayananka sai an sake musu tsari yadda ba za a taɓa yin doguwar tafiya ba tare da canji ba, a kuma ƙara musu wasu lambobin lissafi na gyaran kuskure a gefe. Abin da ke kwance kan faifan dai ba hotonka ba ne kai tsaye, wani tsari ne da sai na'urar da ke jikin allon haddis ɗin ta warware shi.

Karatu shi ne ya fi burge ni gaskiya. Kan da ke karatu daban yake da na rubutu duk da suna maƙale wuri ɗaya, shi wani ɗan abu ne da ake bi da wuta ta cikinsa, to yadda wutar ke wucewa, da sauƙi ko da kyar, ya danganta da fuskar maganaɗisun da ke kusa da shi a lokacin. Matsalar ita ce duk yadda aka ƙanƙanta gurbin don a cusa bayanai da yawa haka ƙarfin maganaɗisunsa ke raguwa har ya zama kan karatu bai jin komai. A 1988 wasu masana biyu, Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin binciken ba tare suke ba, suka gano cewa in aka jera shafe-shafen ƙarfe sirara ƙwarai, mai maganaɗisu da marar shi a tsakani, ɗan ƙaramin canji na maganaɗisu yana kawo babban canji a yadda wuta ke wucewa. GMR ake ce wa abin. IBM ta sa shi a haddis ɗin sayarwa a 1997, su kuma aka ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2007. Daga nan girman haddis ya riƙa ninkuwa kamar ba gobe. Sai kuma wajen 2005 aka koma tsayar da maganaɗisun a tsaye maimakon a kwance, dabarar da Shun-ichi Iwasaki na jami'ar Tohoku a Japan ya kawo tun shekarun 1970, Toshiba ce ta fara fitar da ita kasuwa.

Ka kwatanta da na farko mana. IBM 350 da ya zo da kwamfutar RAMAC a 1956, a San Jose ta Kalifoniya aka ƙera shi, faya-fayai 50 gare shi kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa kusan tan guda, kuma duka abin da yake ɗauka haruffa miliyan 5 ne, bai ma cika megabait 4 ba, hoto ɗaya na wayar yanzu sai ya cika shi. Yanzu Seagate na sayar da mai terabait 30, wanda sai an haska wa gurbin hasken leza ya yi zafi sama da digiri 400 na ɗan ƙiftawa kafin ya yarda a yi rubutu a kansa.

Duk da haka fa abin da kan karatun ke jiyowa ba tsaf yake ba, sigina ce mai rauni cike da hayaniya, gurbi na shiga cikin na maƙwabcinsa. Na'urar sai ta yi lissafi ta ce a cikin duk jerin 0 da 1 da za su iya haifar da wannan siginar wanne ya fi kusa da gaskiya, ta zaɓe shi, sannan lambobin gyaran kuskuren nan su gyara abin da ta kuskure. Kullum haddis ɗinka yana karanta kuskure yana gyarawa kai ba ka sani ba, sai ranar da kuskuren ya fi ƙarfin gyara ne kake ganin fayil ya ƙi buɗuwa.

Sai maganar buɗewa da na ce. Kan nan ba ya taɓa faifan, shawagi yake. Gudun faifan na jan iska, ƙasan kan kuma an sassaƙa shi yadda iskar za ta ɗaga shi, tsakaninsu 'yan nanomita ne da ba su kai 10 ba, alhali silin gashin mutum ɗaya kaurinsa nanomita dubbai ne masu yawa, wajen 70,000. Ƙwayar ƙura ɗaya ko ta hayaƙin sigari ko maiƙon yatsa, duk sun fi wannan tazarar girma nesa ba kusa ba. To ka ga wanda ya kwance haddis a shago ƙofa a buɗe da hunturu ana ƙura, ya hura masa iska da baki ya mayar ya ɗaure, ai ya gama da shi ko da ya tashi a ranar. Masu aikin ceto bayanai na gaske a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗewa. In kan ya daki faifan yana gudu sai ya kankare shafen, kankararren kuma ya zama ƙura a ciki ya ƙara jawo wani karon, abin da ke wurin da aka kankare ya tafi har abada babu wata manhaja da za ta dawo da shi. Abin da ke faruwa kenan in laftof ta faɗi tana kunne, ko ka ɗauki haddis na waje kana jujjuya shi yana tsakiyar kwafi. In a kashe yake da sauƙi, don hannun yana komawa gefe ya hau wani ɗan tudu na roba ya huta. Akwai ma ɗan rami a jikin murfin da aka rubuta kar a toshe, na daidaita iska ne kuma da matata a ciki. Manyan na yanzu kam tun da HGST ta fara a 2013 iskar hiliyam ake cika musu a like su ruf.

To ya yake sanin inda abu yake? Fuskar faifan an raba ta layi-layi a zagaye, dubban ɗaruruwa, kowane layi an yanka shi gida-gida da ake ce wa sekta, da bait 512 ne kowace sekta, daga wajen 2010 aka fara komawa 4096. Tun daga masana'anta an rubuta wasu alamomi a tsakanin sektocin waɗanda ba a gogewa, su kan ke karantawa sau dubbai a sakan yana gyara tsayuwarsa kar ya kauce daga layi. Hannun kuma ba giya ke tura shi ba, naɗin waya ne a tsakanin maganaɗisu biyu masu ƙarfin tsiya, irin waɗanda yara ke ciro wa daga matattun haddis suna wasa da su har su matse musu yatsa. Kafin hannu ya isa layin da ake nema ana cin wajen milisakan 10 (milisakan sakan ɗaya ne aka raba gida dubu), sannan ya jira sektar ta zagayo, a mai 7200 rabin zagaye kusan milisakan 4 ne. Kamar ba komai ko? Amma ga kwamfuta wannan zaman jira ne mai tsawo, shi ya sa fim ɗaya mai gigabait 4 zai kwafu da sauri, hotuna ƙanana dubu 20 da jimillarsu gigabait 4 ɗin ce kuma su ɗauki lokaci har ka gaji, don kowanne sai hannu ya je ya dawo. Tsayuwa kan layin nan ma abin lallaɓawa ne, a 2008 wani injiniyan Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya yi bidiyo yana kwarara ihu a gaban jerin haddis a ɗakin saba, nan take ma'auni ya nuna sun rage sauri, girgizar muryarsa kawai ta kautar da kawunan.

(Af, masu cewa an cuce su sun sayi terabait 1 sun ga gigabait 931 a Windows, ba wanda ya cuce ku. Kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024, kayan ɗaya ne.)

Yanzu ga inda nake son zuwa. Shi haddis bai san wani abu wai shi fayil ba, sektoci kawai ya sani masu lamba. Windows ce ke riƙe da wani kundi, a NTFS, tsarin da take jera fayiloli da shi, ana ce masa MFT, inda aka rubuta sunan kowane fayil da girmansa da lambobin wuraren da yake kwance. In ka danna dilit har ka zubar da kwandon shara, ba a zuwa a juya maganaɗisun sektocin nan ɗaya bayan ɗaya, ɓata lokaci ne, kawai a kundin ake sa alamar cewa wurin nan ya zama fili. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya a littafinsa ya rubuta ɗaki babu kowa, amma katifa da akwati da komai suna ciki har ranar da sabon ɗan haya zai zo da nasa kayan. Fomatin na gaggawa ma kusan haka ne, sabon kundi ake shimfiɗawa a bar sauran faifan yadda yake.

Wannan rahama ce in kuskure ka yi. Manhajoji irin su Recuva suna duba kundin su ga abin da aka soke amma ba a hau kansa ba, PhotoRec kuma na Christophe Grenier ko kundin ya lalace bai dame shi ba, bin faifan yake sekta-sekta yana neman alamar farkon fayil, misali duk hoton JPEG da FF D8 FF yake farawa, sai dai zai dawo maka da su ba suna ba folda ka zauna ka tantance. Sharaɗin dai ɗaya ne, ka daina rubuta komai a kan haddis ɗin nan take. Abin da na fi gani shi ne mutum ya goge aikinsa na digiri, hankali ya tashi, ya hau intanet da kwamfutar ya sauke manhajar ceto har uku ya girka su a kan haddis ɗin da abin ya ɓata, kowace saukewa tana iya faɗawa kan sektocin da yake nema. A cire shi a jona a wata kwamfutar, abin da aka ceto kuma a zuba shi wani wuri daban. In kuma ƙara yake yi ƙwas, ƙwas, ƙwas yana maimaitawa kwamfuta ba ta ganinsa, wannan ba aikin manhaja ba ne, hannun ne ke fita neman alamomin nan bai same su ba ya koma ya sake fitowa, a kashe shi kawai, duk kunnawa ƙarin ɓarna ce. Zancen a sa shi a firiza ya kwana kuma ni dai ban ba kowa shawara ba, raɓa ce za ta kwanta kan faifan.

Ɗaya fuskar kuma ita ce mai ban tsoro. A 2003 wasu ɗalibai biyu na MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon wani bincike, sun sayi haddis na hannu guda 158 yawanci a eBay da shagunan tsofaffin kaya, 129 suna aiki, a ciki 12 kacal aka goge yadda ya kamata. Sun samu bayanan marasa lafiya da wasiƙun mutane da lambobin katin banki dubbai. A 2009 kuma ɗaliban aikin jarida na jami'ar British Columbia ta Kanada da suka je Ghana bin diddigin sharar lantarki suka sayi wani haddis a Tema kan dala 40, aka buɗe aka tarar da takardun kwangilolin gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman. To mu da kusan duk laftof ɗinmu ta hannu ce, daga Turai ko Amurka ta biyo ta Legas ko Kwatano, mu yi amfani da ita mu sayar wani ya saya ya sayar, ka san ba a rasa irin wannan. Mutum zai goge hotunan iyalinsa da takardun ofis da hoton katin shaidarsa ya yi fomatin na minti biyu ya kai kasuwa hankali kwance, alhali duk wanda ya saya in yana da rabin awa da manhajar kyauta zai iya ganin mafi yawansu. A garuruwanmu kuwa kowa ya san abin da hoton mace ɗaya ke jawowa in ya fita.

Maganin bai da wuya, a hau kan kowace sekta da sabon rubutu. Tun daga Windows Vista in ka cire alamar gaggawa ka yi cikakken fomatin, sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina, shi ya sa yake cin awanni. Akwai masu cewa sai an yi sau 35, wannan daga wata takarda ce da Peter Gutmann ya rubuta a 1996 kan irin haddis ɗin wancan zamanin, shi da kansa daga baya ya ce mutane sun mayar da abin kamar tsafi. Na zamani dai sau ɗaya ya wadatar. In haddis ɗin ya mutu ba ya ko tashi kar ka ce ai ya mutu ka ba 'yan gwangwan haka nan, allon ne wataƙila ya ƙone faifan lafiyarsa lau, a huda shi da abin huda ƙarfe wuri uku huɗu ko a sa masa guduma, na laftof mai gilashi ma bugu ɗaya yake tarwatsewa. Wanda kuma ya kunna BitLocker, makullin Windows da ke hargitsa bayanan yadda sai mai mabuɗi zai iya karantawa, tun farko ya huta da rabin wannan damuwar.

Duk wannan fa haddis mai faifai nake nufi. SSD da ke cikin sabbin laftof wani abu ne daban, ba faifai ba hannu, caji yake tarewa a cikin ƙananan gidaje, kuma akwai umarnin da ake ce wa TRIM wanda da ka goge abu Windows ke sanar da shi ya share wurin da kansa, don haka a can in ka yi kuskuren gogewa sau da yawa sai dai haƙuri. Amma haddis bai tafi ko'ina ba, kamfanoni uku suka rage suna yinsa, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma yawancin abin da muke cewa yana kan intanet a kansu yake kwance a manyan ɗakunan ajiya saboda araha. Masu ɗaukar bidiyon biki da masu tura fina-finai ma ai har yanzu shi ne jarinsu.

In za ka sayi na hannu, haddis na riƙe da tarihin lafiyarsa da kansa, SMART ake ce masa, manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce tana nuna shi cikin sakan kaɗan tun kana gaban mai shago. Ka duba lamba 9, awannin da ya yi a kunne, za ka ga wanda aka ce maka sabo ne fil ya yi awa dubu 30. Ka duba lamba 5, sektocin da suka lalace ya maye gurbinsu da na ajiya a ɓoye, da lamba 197 (C5 manhajar ke rubuta ta), waɗanda yake shakkar su bai yanke hukunci ba tukuna. In waɗannan biyun ba sifili ba ne ni dai ba na saye ko nawa aka rage min. Sai dai kar a dogara da shi ɗari bisa ɗari, binciken da Google ta fitar a 2007 kan haddis sama da dubu 100 na ɗakunan ajiyarta ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin su tafi, jiya lafiya lau yau kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.